Sanata a Bencin Horo

A majami'ar masu jin Hausa ta Setapak, wadda ke saman wani shagon mamak, irin gidan abincin nan na Indiyawa Musulmi, kujerun roba ake zama a kai. Benci ɗaya tak ne na katako, yana can baya jikin bango, tsakanin ƙofar banɗaki da inda ake tara takalma. Ba don kujeru sun kasa aka sayo shi ba. Mutanen Kudancin Kaduna da na Filato sun baro gida, sun baro acca da gwate, sun haye teku har Kuala Lumpur, amma ba su yarda sun baro bencin horo ba. Wanda ya yi abin kunya a ikilisiya, dattawa su sa shi a ƙarƙashin horo: ba ya waƙa da mawaƙa, ba ya cin jibin Ubangiji, sai dai ya zauna a baya yana kallon ƙeyar kowa har ranar da za a ɗage masa. Sai da aka je har Sentul wajen wani mai tsofaffin kayan ɗaki aka samo bencin, samari suka hau bene da shi suna haki.

Malama Agnes ce mai tsaron ƙofa, ita ke zaunar da mutane, ita ke zagayawa da tiren jibi. Malamar koyar da aikin jinya ce a wata kwaleji, mace mai kaifi ɗaya, wadda ko yaran da aka haifa a nan, masu amsa wa iyayensu da Turanci, in ta harare su Hausa ke fitowa daga bakinsu. Shekara da shekaru bencin yana hannunta, ba mai zama a kai sai jakunkuna da lemomin ruwan sama. Sai a bana ya samu mai shi, kuma 'yar ƙaninta ce, Kindness.

Agnes ce ta kawo yarinyar Malesiya karatun haɗa magunguna bayan rasuwar ubanta, suna zaune tare a Wangsa Maju. Kindness ta yi ciki. Saurayin ɗalibi ne da ya gama karatu, ya koma Abuja ya kashe wayarsa, shi ke nan labarinsa. Kuma ba wani ne ya kai maganar gaban dattawa ba, Agnes ce da ƙafarta, don kada a ce mai tsaron bencin tana rufa wa nata asiri. A ranta gaskiya ta yi. Amma tun daga ranar gidan ya mutu. Kindness ta daina cin tuwon gwaggonta, sai ta yi tapau, wato ta sayo abinci a ƙunshe, a hanya ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Magana ɗaya ta yi mai tsawo, tana tsaye a bakin kicin: ta samu ɗaki a Sentul wajen wasu ƙawaye, ƙarshen wata mai zuwa za ta kwashe kayanta, kuma daga nan ba gidan ba, ba majami'ar ba, ba wanda zai sake ganin ƙafarta. Agnes ta ji maganar har cikin ƙashinta, amma abin da ta ce kawai shi ne a rufe mata firji.

A cikin wannan hali ne wani Bature ya ɓullo. Wata Lahadi ana tsakiyar waƙa, sai ga wani dogon tsoho fari ya hawo bene, gashinsa fari fat, rigarsa ta jiƙe da zufa. Ya cire takalmi ya jera a inda ake jerawa. Baba Barnaba, babban dattijon ikilisiyar, yana hango shi ya hau yi wa Agnes alama da littafin waƙa, wai a kai baƙo gaba inda sanyin na'ura ke sauka. Kafin ta juyo, baƙon ya zauna abinsa a bencin katako, a ɗaya ƙarshen, nesa kaɗan da Kindness.

Kunya ta rufe Agnes. Ga baƙo, ga shi Bature, ya zo ya zauna a wurin masu laifi don bai san al'ada ba. Ta sunkuya ta yi masa Turancinta na aji, cewa akwai kujera mai kyau a gaba, wannan wurin yana da ma'anarsa.

"Na san ma'anarsa, Malama," in ji shi da Hausa. "Bencin horo ne. Nan ne wurina."

Ba Hausar 'yan yawon buɗe ido ba ce. Hausa ce ta ƙauye, tsohuwa, irin wadda Agnes ba ta ƙara ji ba tun rasuwar kakanta, ba ko ɗigon Turanci a ciki. Agnes ta koma bakin ƙofa.

Bayan sujada aka yi masa ca. Ya ce sunansa Calvin Oberholt, amma a ƙauyen da aka haife shi a kan dutsen Filato Ɗantala ake kiransa, don ranar Talata ya zo. Ubansa ɗan mishan ne, uwarsa ungozoma. Yanzu yana koyar da 'ya'yan 'yan gudun hijira karatu a wata 'yar makaranta a Sentul. Yana wucewa ne ta ƙasa ya ji waƙar da uwarsa ke rera masa tana saukowa ta taga, ƙafarsa ta ƙi tafiya. Bai gama shan shayinsa ba samari sun riga sun tono shi a waya, suna miƙa wa juna a ɓoye. Kafin yamma ba gidan da labarin bai shiga ba, daga Setapak har Wangsa Maju.

Ashe ba ƙaramin mutum ba ne. Ya bar Najeriya yana saurayi, ya karanci shari'a, ya zauna a wata jiha ta manoman masara a tsakiyar Amurka. Ya shiga siyasa a jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, daga majalisar jiha ya haye ta wakilai, daga nan ya zama sanata, aka yi ta sake zaɓensa. An san shi da taurin kai a kan abin da ya gaskata: aure, iyali, ran jariri a ciki, da kada gwamnati ta sa wa manomi hannu a aljihu. Ko waɗanda ba sa ga maciji da shi sun yarda in ya ce e, to e ɗin ne. Da ake kai hare-hare ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna, duniya ta yi shiru, shi ne ya miƙe a majalisa ya riƙa kiran sunayen ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, yana furta su daidai kamar ɗan gida. Ya tsaya kai da fata sai da aka tura magunguna da kwanon rufi, kuma ya kafe a raba wa duk wanda aka ƙona wa gida, Kirista ko Musulmi. Har an fara raɗe-raɗin zai nemi babbar kujera ta shugaban ƙasa.

Sai wata jarida ta fasa ƙwai. Sanatan da ke wa'azin tsarkin aure yana neman wata ma'aikaciyar ofishinsa, ga matarsa ta shekaru a gida. Shaidar ba ta da ƙarfi, maganar ma'aikaciyar ce kawai. Manyan jam'iyya suka ce ya musa, za su ce 'yan adawa ne suka saye ta, kafin zaɓe an manta. Da ya bi tasu, mai yiwuwa da har yau yana kan kujerarsa. Sai ya tara 'yan jarida ya ce matar ba ta yi ƙarya ba, shi ne babba, shi ne mai iko a ofishin, laifin nasa ne. A ranar ya yi murabus. Matarsa ta bar gidan, abokan siyasa suka watse, masu barkwanci a talabijin suka ci kasuwarsu da sunansa har suka gaji.

Agnes ta ga hoton bidiyon jawabin majalisar a wayarta tana cikin jirgin ƙasa na LRT. Da ya kira sunan ƙauyensu, inda aka binne ƙaninta, uban Kindness, sai da ta sa bakin gyale ta share ido. Da ta zo kan ɗaya labarin kuma ta ja tsaki har wata 'yar Malesiya da ke kusa da ita ta waiwayo. Ta rasa inda za ta ajiye mutumin a ranta. Ta so ta raina shi, abin ya ƙi.

Lahadi ta gaba ya dawo, ta gaba ma haka. Baba Barnaba ya yi iya yinsa. Ya sa aka kawo kujera mai hannu daga gidansa aka ajiye a gaba, aka shimfiɗa mata farin ƙyalle. Kowace Lahadi sai ya tare shi a kan bene da "Ranka ya daɗe Sanata", ya nuna masa kujerar, shi kuma Ɗantala ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ake gaida dattijo, ya wuce bencinsa. Kujerar ta koma wurin barcin jarirai. In Agnes ta zagayo da tiren jibi, takan tsallake bencin baya kamar yadda doka ta ce, shi kuma ya sunkuyar da kai, hannayensa a kan gwiwa, ba tare da wani ya gaya masa ba.

Abin da ya fi damun Agnes ba wannan ba ne. Da farko tsohon da yarinyar ba sa ko kallon juna. Daga baya ta ga yana miƙa mata littafin waƙa a buɗe a shafin da ake so. Wata rana ta ga ya kawo mata 'yar matashin kujera don bayanta, saboda cikin ya fara nauyi kuma bencin ba shi da majingina. Ita da ke koyar da jinya, ita da ta san ciwon bayan mai ciki kamar tafin hannunta, ba ta taɓa tunanin matashi ba. Sannan wata Lahadi bayan an tashi, ta ji Kindness tana dariya. Wai yana ba ta labarin yadda ya saci gwaibar fasto yana yaro, wandonsa ya maƙale a reshe. Rabon Agnes da jin wannan dariyar tun kafin maganar cikin ta fito, kuma ga shi ba ita aka yi wa ba. Kishi ne ya kama ta, ba wani abu ba, ta cika ta yi fam.

Ta samu tsohon a ƙasa wajen mamak yana yaga gurasar roti da hannu, ruwan la'asar yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce masa horo ba wasa ba ne, an yi shi ne don mai laifi ya ji a jikinsa, shi kuwa ya zo ya mayar da bencin dandalin hira. Ta ce ba wanda ya sa shi a horo a nan, laifinsa ya tsufa, can ya yi shi a wata duniya, to me ya kawo shi?

Bai ji haushi ba. Ya sa aka kawo mata teh tarik, shayi mai madara, wanda ba ta taɓa ba. Ya ce gaskiyarta, ba wanda ya sa shi. Abin da ya dame shi ke nan. A can, bayan ya sauka, majami'arsa ba ta ce masa komai ba. Wasu sun daina gaishe shi, wasu kuma suka riƙa gayyatarsa ya hau mumbari ya ba da shaidar tuba, ana tafa masa. Har littafi aka ce ya rubuta. Ita kuwa ma'aikaciyar, wadda ya wanke a gaban duniya yana ganin ya yi bajinta, ba ta ƙara samun aiki ba, sai da ta canja suna ta bar jihar.

"Mu biyu muka yi, Malama, amma ita kaɗai ta zauna a benci," in ji shi. "Da na hawo benen nan na ga yarinya ita kaɗai a baya da ciki, na san akwai namijin da ya kamata ya zauna a ɗaya ƙarshen. Bai zo ba. Ni kuma ina da zaman da ban yi ba."

Agnes ta miƙe. Ta ce ruwa ya tsagaita, za ta tafi, alhali ko kusa bai tsagaita ba. Ta isa gida a jiƙe, ta tarar da kwalaye biyu a bakin ɗakin Kindness, an ɗaure su da igiya.

Dattawa kuwa abin ya ishe su. Kowace Lahadi babban mutum irin wannan, wanda ya tsaya wa ƙauyukansu, yana zaune kusa da banɗaki, ai abin kunya ne a gare su. Suka zauna suka yanke cewa tunda ya ɗauki horon da kansa, kuma kowa ya ga tawali'unsa, za a ɗage masa a Lahadin jibi mai zuwa, a ba shi hannun zumunci. Maganar Kindness kuma sai bayan ta haihu, haka aka saba. Ba wanda ya lura cewa Lahadin jibin ita ce ta ƙarshen wata, sai Agnes, wadda kullum take tsallake kwalaye kafin ta shiga banɗaki.

Ranar majami'ar ta cika har kan bene. Mata sun ci ado da zanen ƙungiyar zumuntar mata, an dafa shinkafa tuli a ƙasa. Kindness ta zo da 'yar jakar baya, Agnes kuma ta san daga nan Sentul ta nufa. Bayan wa'azi Baba Barnaba ya gyara babbar rigarsa, ya yi jawabi mai daɗi a kan ɓataccen da ya dawo gida, har ya jero ayyukan Sanata a majalisa kamar mai yi masa kamfe. Sannan ya miƙa hannu ya ce ɗan'uwa Ɗantala ya taso gaba.

Tsohon ya miƙe, amma bai taka ba. Ya yi godiya ga dattawa da ikilisiya, a hankali, har ya kira Baba Barnaba ubansa, alhali shi Ɗantala ne babba a shekaru. Sannan ya ce a majami'ar da ya tashi, wanda ke horo ba ya tasowa gaba shi kaɗai. Sai wani nasa ya tako har baya, a gaban kowa, ya kama hannunsa. Ko wanda ya yi wa laifin, ko wani babba na gidansu.

Tsofaffin cikin taron suka gyaɗa kai, don haka ake yi a da. Agnes ma ta tuna. Tana ƙarama ta ga kakarta ta ratsa majami'a da sandarta ta je ta ɗauko wani kawunsu mashayi daga baya.

"Wadda na yi wa laifi ba ta yafe ba tukuna, kuma ba zan ce ta yi sauri ba," in ji Ɗantala. "Iyayena suna kabari. Ba ni da mai zuwa, Baba, don haka a bar ni a nan, ban gaji ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ba kowa ne a bencin nan ba shi da mai zuwa ba."

Bai kalli kowa ba, ya zauna. Baba Barnaba ya tsaya da hannunsa a miƙe, ya rasa yadda zai yi da shi, daga ƙarshe ya sa shi a aljihu ya ce a ci gaba da jibi.

Agnes ta ɗauki tiren. Ƙananan kofunan suna jere a kai. Ta bi layi-layi kamar kullum, tana jin kunyar idon mutane, tana jin haushin tsohon, tana kuma jin tsoron jakar bayan nan fiye da komai. Ba ta da ikon ɗage wa kowa horo, wannan na dattawa ne, kuma ba ta ga laifin dokar ba ko a lokacin. Amma doka ta ce yarinyar ta zauna a baya, ba ta taɓa cewa ta zauna ba kowa nata ba. Wannan Agnes ce ta ƙara da kanta.

Da ta kai layin ƙarshe na kujerun roba, inda ta saba juyawa, sai ta miƙa wa matar da ke gefe tiren, da nata kofin a ciki ba ta sha ba. Ta taka sauran wurin. Ɗantala ya matsa can ƙarshen bencin har rabin jikinsa yana lilo, ta zauna a tsakiya. Katakon ya fi yadda take zato tauri, warin banɗaki kuma yana isowa sosai.

Kindness ba ta juyo ba. Idonta yana kan ƙeyar mutane, haƙoranta a cije.

"Gwaggo, ba wurinki ba ne nan," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Matsa mini," in ji Agnes. "Sai ranar da za mu tashi tare."

Aka ɗaga waƙar rufewa, kowa ya miƙe, su uku suka yi zamansu. Tsohon yana bin waƙar da muryarsa mai kauri, bai buɗe littafi ba. Can wajen baiti na biyu Agnes ta ji an kama hannunta. Ta ɗauka ture ta za a yi. Sai Kindness ta ja hannun ta ɗora a gefen cikinta, ta danne da nata, daidai inda ɗan ke harbi.